Zauren 'Yan Mata: Kafin Ki Sa Kiɗa A Bayan Muryarki

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karo daga masu karanta labari ne, wato waɗanda ke naɗar muryarsu a waya suna ɗorawa a YouTube ko Spotify, abin da ake kira fodkas. Tambayarku ɗaya ce: "Anti, ina za mu samu kiɗa mai taushi na bayan murya, da ƙarar ruwan sama ko bugun ƙofa?"

Da farko dai ku fita harkar waƙoƙin Indiya. Na san in an zo wurin da saurayi ke ban kwana da masoyiyarsa ba abin da ke ratsa zuciya kamar sarewar nan tasu, to amma kiɗan da mai shi. YouTube na da wani tsari, Content ID, mai sauraron duk abin da aka ɗora. Da ya gane kiɗan, sai kuɗin tallar shirinki ya koma aljihun mai kiɗa, ko a toshe shirin. In kuwa mai shi ya kai ƙara aka cire, gargaɗi ne a kanki, uku suka taru cikin kwana 90 an rufe tashar, wahalar shekara guda ta bi ruwa.

Sai ku nemi wanda aka rubuta wa royalty-free. Amma fa a kula, ba kyauta kalmar ke nufi ba. Ma'anarta in kin samu izini, ba za a riƙa binki kuɗi duk sanda aka saurari shirin ba. Wani izinin kyauta ne, wani da kuɗi, kuma kowanne da sharaɗinsa. Saboda haka kafin ki zaɓa ki tambayi kanki abu biyu: a ina zan ɗora, kuma ina sa ran samun kuɗi da shi?

In a YouTube kaɗai ne, akwai rumbun kiɗansu na kyauta mai suna Audio Library, sai dai wasu kiɗan dole ki rubuta sunan mai su a ƙarƙashin shirin. Pixabay ma kyauta ne, amma wasu masu kiɗan can sun yi rajista da Content ID, don haka in an ba da takardar shaidar izini ki sauke ta ki adana, ita za ta raba ki da rigima.

Wajen ƙararraki na fi son Freesound, wanda wata jami'a a Barcelona ta ƙasar Sifen ta buɗe a 2005. Kowace ƙara da alamarta. Mai CC0 ki ɗauka ba tambaya. Mai BY sai kin ambaci mai ita. Mai NC kuwa ba a neman kuɗi da ita, kuma nan ne tarkon yake: yau kina yi don nishaɗi, gobe mai turaren wuta ta ba ki talla, shi ke nan kin karya sharaɗi ba ki sani ba.

Akwai na biya duk wata, irin su Epidemic Sound na ƙasar Suwidin. Kiɗansu da daɗi ba laifi, kuma abin da kika ɗora lokacin da kike biya yana nan da izininsa ko kin daina, sabo ne dai ba dama. Sai dai da kuɗin waje ake biya. Ni ban ga dalilin da 'yar makaranta za ta matsa wa Baba a kan wannan ba tun masu sauraronta ba su kai ɗari ba.

Wani abin kuma, za ki sha wuya kafin ki samu daka a turmi irin namu, ko ƙarar ƙyauren langa-langa, ko ruwa a kan kwano, alhali ga su a tsakar gidanku. Ki naɗa da wayarki da sassafe kafin a tada janareto, naki ne ba mai binki bashi. Kuma littafin da za ki karanta shi ma da mai shi, ki nemi izinin marubuciyar a rubuce tun kafin ki fara babi na ɗaya.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku, Anti.