Sharhi: Wa ke riƙe da makullin shafukan intanet na jami'o'in Nijar?

Duk shekara, da zarar sakamakon Bakaloreya ya fito, hankalin dubban matasa sai ya koma kan tambaya guda: yaushe za a buɗe rajista, kuma wane takardu ake buƙata? Amsar takan iso ne a matsayin hoton takarda mai hatimi da ke yawo a WhatsApp. Wani ya ce daga ofishin shugaban jami'a ta fito, wani ya ce ta bara ce aka canza mata kwanan wata. Wurin da ya kamata ya raba gardama shi ne shafin intanet na jami'ar, amma shafin ba ya iya yin haka sai an san wanda ke da izinin rubutu a cikinsa.

Shekaru da dama, Jami'ar Yamai, wadda aka raɗa wa sunan Abdou Moumouni a 1992, ita ce babbar makarantar da kowa ya sani. A 2010 aka samu jami'o'in Maradi da Tawa da Damagaram, a 2014 kuma na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi suka biyo baya. Kowacce na da tsangayoyi da sassa da ofishin rajistar ɗalibai, kowanne kuma yana da sanarwar da yake son ta fita yau-yau. Dokokin jami'a sun faɗi wanda zai sa hannu a kan takarda. Wanda zai danna maɓallin wallafa ta a intanet kuwa, sau da yawa ana barin sa ga al'ada da sanayya.

Matsalar kan zo ta fuska biyu. Ta farko ita ce a damƙa komai a hannun ma'aikacin kwamfuta guda. Ranar da ya tafi jana'iza ƙauye ko ya kwanta ciwo, sanarwar ɗage jarrabawa sai ta tsaya, sakataren tsangaya kuma ya ɗauki hotonta ya tura a guruf. Ta biyu ta fi haɗari: kalmar sirri ɗaya a hannun mutum goma, har da ɗan bautar ƙasa da ya gama wa'adinsa da ɗalibin da ya taɓa taimakawa wajen gina shafin. Idan aka goge suna daga wani jeri ko aka sauya rana, ba wanda za a iya nuna wa yatsa, domin na'ura suna guda ta gani.

Maganin wannan ba ya cin ko dala. WordPress, manhajar da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke amfani da ita, ta zo da matakai biyar tun daga gida. Akwai mai karatu kawai. Akwai mai rubuta daftari wanda ba ya iya wallafawa. Akwai marubuci mai wallafa nasa amma ba ya taɓa na wani. Akwai edita mai gyara rubutun kowa. Sai babban mai kula, wanda ke buɗe wa mutane asusu, ya rufe, har ya iya rushe shafin baki ɗaya. Drupal da Joomla ma suna da irin wannan tsari. A jami'a, ma'anarsa ita ce sakataren sashe ya shirya sanarwa, wanda shugaban tsangaya ya wakilta ya duba ya sake ta, babban makulli kuma ya tsaya a hannun mutum biyu ko uku, kowa da sunansa da kalmar sirrinsa, tare da lambar tabbatarwa da ke zuwa ta waya. Manhajar tana ajiye tarihin gyare-gyare, ta nuna wanda ya canza abu da lokacin da ya canza.

To me ya sa abu mai sauƙi haka ke wuya? Domin rabon izini rabon iko ne. Shugaban tsangaya ba ya son sanarwarsa ta jira wani ƙaramin ma'aikaci a ofishin shugaban jami'a, shi kuma ofishin ba ya son a wayi gari a ga maganar da bai sani ba da sunan jami'a. Waɗanda suka tuna dogon yajin aikin ƙungiyar malamai ta SNECS a 2018 da 2019, kan batun naɗa shugabannin jami'o'i maimakon zaɓensu, sun san yadda kowace kalma da ta fito daga hukumar jami'a ke da nauyi a lokacin rikici. Ranar miƙa aiki kuma ana ƙirga motoci da kujeru da makullan ofis, amma jerin masu izinin shiga shafi ba kasafai yake shiga takardar ba.

Doka ma ta shigo cikin maganar. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, wadda aka sabunta a 2022, da hukumar HAPDP mai sa ido a kanta. Jerin sunayen ɗalibai haɗe da ranar haihuwa da lambar waya, idan aka baza shi a fili, kayan aiki ne ga ƴan damfara masu kiran iyaye suna neman kuɗin gurbi ko na bursu. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka yi wa kwaskwarima a watan Yunin 2024 aka dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da yaɗa bayanan da ka iya ta da hankalin jama'a. Ƙaramin ma'aikacin da aka yi amfani da asusunsa shi ne zai fara amsa tambayoyi, ko da ba shi ya rubuta ba.

Ƴan Nijar da ke waje su ma abin ya shafe su kai tsaye. Mai neman a tantance digirinsa a Kanada ta hannun WES dole ne jami'arsa ta aika takardun makinsa da kanta. Daga Montreal ko Istanbul ba zai iya zuwa ya tsaya a layi ba, adireshin da ya gani a shafi shi zai bi. In adireshin na ma'aikacin da ya yi ritaya ne, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin gyara wannan sashe, sai shekarar karatu ta wuce shi yana jiran amsa.

Wani sabon aiki kuma yana tafe. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki. Ranar da jami'o'i suka fara fitar da sanarwa da harshe biyu, sai an ƙara matakin mai fassara da mai dubawa, a kuma rubuta a takarda wace sanarwa za a bi idan ta Hausa ta ce Litinin, ta Faransanci ta ce Talata.