Yankewar kuran da hatsarin butalin gas

A watan Agusta na 2023, da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa NIGELEC, unguwannin Yamai, Maradi da Damagaram sun sha kwana cikin duhu. Gas, wanda matatar SORAZ ke fitarwa tun 2011, yana rage saran itace, amma hatsarinsa na ƙaruwa cikin duhu. Ya fi iska nauyi: in ya zurara, ƙasa yake kwantawa, ashanar mai neman fitila ta isa tada gobara. Wajibi ne butali ya tsaya tsaye, a gwada tiyo da ruwan sabulu. Mai jin ɗumin murhu a rufaffen ɗaki lokacin ɗari kuwa, guba maras wari yake shaƙa.