Bayan Kujera Ma Makaranta Ce

A wani gida nan Garwa na tarar da 'yar ƙanwata, mai shekara goma, dafe da bayan kujera. Dugaduganta a haɗe, yatsun ƙafa ɗaya na duban gabas, na ɗayar na duban yamma, tana lanƙwasa gwiwa a hankali tana miƙewa. Wayar uwarta na jingine da kwanon sha, wata malama a ciki tana ƙirga mata da Faransanci. Mahaifinta ya ce shirmen Turawa ne, kuma ɗakin da tabarma biyu ba sa shimfiɗuwa a cikinsa ba wurin rawa ba ne. Na ba shi girmansa, amma ban yarda ba.

Rawar bale, wadda Sarki Luwi na 14 ya kafa wa cibiya a Faris a 1661, an gina ta ne a kan tsayuwar ƙafa iri biyar. Kowane darasi yana farawa a wuri guda, ɗalibi riƙe da sandar da aka kafa a bango, yana maimaita motsi ɗaya har jiki ya haddace. Wannan sashe bai buƙatar fili, kujera mai ƙwari ta wadatar. A 2020 duniya ta ga Anthony Madu, ɗan shekara 11, yana juyi ba takalmi cikin ruwan sama a Legas. Malaminsa, Daniel Ajala, a lokacin kyauta yake koyarwa, ba shi da zauren madubai, amma yaron ya kai makarantar bale ta Elmhurst a Ingila.

Abin tsoro a ɗakunanmu shi ne daɓen siminti. Zauren bale katako ne mai ɗan lotsawa, siminti kuwa yana mayar wa gwiwa da idon sawu duk dukan da aka yi masa. Don haka a bar tsalle. Tsayuwa a kan tsinin yatsu kuma haramiyarta ce sai da malami da takalmin da aka yi domin haka, domin ƙashin yaro bai gama ƙwari ba. A zafin Maris da Afrilu, in ba da sanyin safiya ba, a haƙura.

Akwai abin da ya fi damuna. Iyayenmu mata sun koyi gaɗa a dandali da farin wata, yaya na gyara wa ƙanwa tafi da taku. Yau dandalin ya zama shaguna da wurin ajiye babura, mu kuma tsiraru ne a garin da Fulatanci ke riƙe da kasuwa, Faransanci ke riƙe da aji. Yarinyar da ta iya haƙurin maimaita lanƙwasa ɗaya sau talatin, ita ce za ta iya riƙe gaɗa idan ta sami mai nuna mata.

Na ce wa mahaifin, "Malam, ka bar mata kujerar, a gaban uwarta take." Sannan na roƙi kakarta ta riƙa shigowa ɗakin bayan la'asar. Tsohuwar ta yi dariya, ta ce gwiwa ta ƙi, amma tafin hannu yana nan.