Kimiyya da fasaha: A toshe ƙofa ta 445 tun ɓarawo bai leƙo ba

A zamanin Sarki Tanimun, birnin Damagaram yana kewaye da ganuwa, kuma mai shiga gari sai ta ƙofa. Haka kwamfuta take idan ta hau intanet, sai dai ita ƙofofinta sun fi dubu 65, kowace da lambarta da aikinta. Ta ƙofa ta 80 da ta 443 ake buɗe shafukan intanet. Ta ƙofa ta 445 kwamfutoci masu Windows ke musayar takardu da junansu. Mai gadin waɗannan ƙofofi shi ne katangar tsaro, wadda ake kira pare-feu da Faransanci.

Ranar 12 ga watan Mayu 2017 duniya ta ga abin da sakaci da ƙofa ɗaya ke haifarwa. Wata ƙwayar cuta mai suna WannaCry ta bi ta ƙofa ta 445, ta kama kwamfutoci fiye da dubu 200 a ƙasashe wajen 150. Ta kulle takardun mutane, ta nemi fansar dalar Amurka 300. Asibitocin Ingila sun dakatar da ganin majinyata da dama, kamfanin motoci na Renault ya tsai da aiki a wasu masana'antunsa na Faransa. Alhali kuwa Microsoft ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris na shekarar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan darasi ya shafi Yamai kai tsaye. Kwamfutoci da yawa a gidaje ƴan gwanjo ne, wasu na ɗauke da Windows 7, wanda Microsoft ya daina yi wa gyara tun watan Janairu 2020. Ga kuma al'adar raba wifi ɗaya tsakanin maƙwabta ko ɗalibai. Duk wanda ke kan layi ɗaya da mutum yana iya ƙwanƙwasa ƙofofin kwamfutarsa. Ɗalibin jami'ar Abdu Mumuni da ya shafe shekara yana rubuta kundinsa, ko ɗan kasuwar Katako da lissafin bashinsa ke cikin na'ura, kowannensu na iya wayuwar gari da hannu a ka.

Toshe ƙofar ba ya cin ko dala. A buɗe « Pare-feu Windows Defender », a tabbata yana kunne, sannan a shiga « Paramètres avancés ». A zaɓi « Règles de trafic entrant », wato dokokin abin da ke shigowa, a danna « Nouvelle règle », a zaɓi « Port ». A bar TCP, a rubuta 445, a zaɓi « Bloquer la connexion », a ba dokar suna. Haka za a yi wa ƙofa ta 3389, wadda ta nan ake sarrafa kwamfuta daga nesa, in babu mai bukatarta.

Sai dai a lura da abu biyu. Idan an toshe 445, sauran kwamfutocin gidan ba za su ƙara samun takardu ko na'urar buga takardu da wannan kwamfuta ke raba musu ba. Mai bukatar haka sai ya taƙaita dokar ga layin « Public » kaɗai. Na biyu, katanga ba ta tare baƙon da mai gida ya shigo da shi da hannunsa, kamar kile USB mai cuta ko saƙon da ba a san mai aiko shi ba. Don haka wajibi ne a riƙa sabunta Windows, a kuma ajiye kwafin muhimman takardu a wani wuri dabam.

Gaskiya ne dokar 3 ga watan Yuli 2019 ta tanadi hukunci a Nijar ga mai kutsawa cikin kwamfutar wani. Amma wanda ya kulle takardun yana iya kasancewa a wata nahiya, kuma hukunci ba ya maido da kundin da ya salwanta. Mai gida shi ne sarkin ƙofar kwamfutarsa.