Ƙubbar Aro Ba Ta Rufe Katara

A watan Nuwamba na shekarar 2002 ne jihar Oklahoma ta Amurka ta yi bikin ɗora ƙubba a kan ginin majalisarta, bayan ginin ya shekara 85 babu ita. Tun a zanen farko akwai ƙubbar, amma da aka zo kammala aiki a 1917, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa kuɗi da ƙarfe sun yi wuya, sai aka rufe saman ginin haka nan. A ƙarƙashin wannan rufi aka yi ta zartar da dokoki, ana rantsar da gwamnoni, ba a taɓa jin wata doka ta rasa ƙarfi saboda rashin ƙubba ba. Duk da haka, shugabannin jihar suka ga ginin nasu bai cika ba sai ya yi kama da na sauran jihohi. Wannan tunani kuskure ne, kuma tarihin gine-ginen majalisun jihohin Amurka da kansa ya isa shaida.

Ƙubbar nan ta yi tafiya mai nisa kafin ta isa Amurka. Asalinta daga birnin Rum ne, daga haikalin Pantheon da majami'ar Saint Peter, sannan ta bi ta majami'ar Saint Paul ta Landan. Ko sunan Kapitol da Amurkawa ke kiran waɗannan gine-gine da shi, an aro shi ne daga wani tudu na birnin Rum. Jihohin farko sun yi ƙubbobinsu da abin da ke hannunsu. Ta Maryland, a garin Annapolis, katako ce zalla, an harhaɗa ta da turakun itace. Ta Massachusetts, wadda Charles Bulfinch ya zana aka gama a 1798, ita ma ta katako ce. Da ta fara yoyo sai kamfanin Paul Revere ya lulluɓe ta da jan ƙarfe a 1802, ba a shafa mata zinariya ba sai a 1874.

Abin da ya sauya al'amari shi ne babbar ƙubbar ƙarfe ta majalisar tarayya a Washinton, wadda Thomas U. Walter ya zana. An ci gaba da aikinta ana tsakiyar yaƙin basasa, aka ɗora mutum-mutumin 'Yanci a ƙoƙuwarta a watan Disamba na 1863, tsayin ginin ya kai kimanin mita 88. Da yaƙi ya ƙare, ƙubbar ta zama alamar cewa tarayya ta tsira, sai jihohi suka shiga kwaikwayonta. Mai zane guda, Elijah E. Myers, shi ya zana majalisun Michigan da Teksas da Colorado. Baƙon da aka nuna wa hotunan irin waɗannan gine-gine a jere zai sha wahala kafin ya ce wannan na ƙasar duwatsu ne, wancan na ƙasar tafkuna. Ginshiƙai iri ɗaya, matakala iri ɗaya, ƙubba a tsakiya, zaure biyu hagu da dama.

Kwaikwayon bai tsaya a kamanni ba, har ya zama gasa, kuma gasar ta ci dukiya. Teksas ta kammala nata ginin a 1888 da jan dutsen ƙasarta, ta kuma tabbatar ya ɗara na Washinton tsawo. Ba da tsabar kuɗi ta biya 'yan kwangila ba: fili ta ba su, eka miliyan 3 a arewa maso yammacin jihar, inda daga baya aka kafa katafariyar gonar kiwon shanu ta XIT. Fursunoni kuma suna cikin waɗanda suka fasa dutsen. Ƙasar da za ta iya ɗaukar dubban iyalai ta tafi a kan gini guda, domin a ce ƙubbar Austin ta fi ta babban birnin ƙasa.

Masu goyon bayan ƙubba suna da hujja, kuma ba ta raini ba ce. Suna cewa talaka yana buƙatar alamar da zai hango daga nesa ya san a nan ake yanke hukunci kan rayuwarsa, kuma faffaɗan zauren da ke ƙarƙashin ƙubba, wanda ke tsakanin majalisun biyu, fili ne na jama'a, kowa na iya tsayawa a cikinsa ya tare wakilinsa. Suna ƙarawa da cewa kamannin da ke tsakanin gine-ginen ba aibi ba ne, shi ne ma saƙon: jihohi hamsin, ƙasa ɗaya.

Sai dai tarihi ya nuna ƙubba ba ta zaɓen wanda za ta yi wa inuwa. A bakin ginin majalisar Alabama, a Montgomery, aka rantsar da Jefferson Davis a 1861 a matsayin shugaban jihohin da suka ɓalle domin kare bauta. A gaban ginin nan dai, a watan Maris na 1965, Martin Luther King ya yi jawabi ga dubban mutanen da suka tako daga Selma suna neman 'yancin jefa ƙuri'a, gwamna George Wallace kuwa bai fito ya tarbe su ba. A jihar Carolina ta Kudu, tutar 'yan awaren ta yi ta kaɗawa a saman ƙubbar majalisa tun farkon shekarun 1960 har zuwa 2000, ba a kuma raba ta da harabar ginin ba sai a watan Yuli na 2015, bayan an kashe baƙaƙen fata tara a wata majami'a a Charleston. Ko mutum-mutumin 'Yanci na Washinton, akwai hannun wani bawa mai suna Philip Reid a aikin zubinsa, wanda bai sami nasa 'yancin ba sai a 1862. Idan siffar gini ɗaya za ta iya rufe mai bautarwa da mai neman 'yanci ba tare da ta sauya ba, to ba a cikinta adalci yake zaune ba.

Akwai jihohin da suka ƙi bin ayari, kuma su ne suka fi barin abin tunawa. Nebraska ta gina tata majalisa tsakanin 1922 da 1932 bisa zanen Bertram Goodhue: hasumiya mai tsayin mita 122 da ake hangowa daga nesa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma, a samanta mutum-mutumin manomi yana watsa iri, a jikin bangonta kuma siffofin ɓauna da masara. An yi aikin daki-daki, ana biya ana ginawa, jihar ba ta ci bashi ba. Hawai ta buɗe tata a 1969: tsakiyar ginin a buɗe take, sararin sama ne rufinta, ginshiƙan suna kama da itatuwan kwakwa, zaurukan majalisa kuma an yi su da siffar dutse mai aman wuta. Wanda ya tsaya a wurin ba sai an faɗa masa yana tsibiri ba. New Mexico ta gina tata a 1966 a kewaye, bisa siffar alamar rana ta mutanen Zia.

Wannan ba ya nufin duk wanda ya guje wa ƙubba ya tsira daga zargi. Mutanen Zia sun daɗe suna kokawa cewa an ɗauki alamarsu mai tsarki aka sa a tutar jihar ba tare da izininsu ba, wato aro daga gida ma yana buƙatar sallama. Louisiana kuma ta gina hasumiya mai hawa 34 a 1932, mafi tsawo a cikin dukkan majalisun jihohi, amma ginin ya fi bayyana girman kan Huey Long fiye da halin jihar, kuma a cikinsa aka harbe shi a 1935. Ma'aunin dai ba siffa ba ce. Tambayar ita ce: labarin wa ginin yake bayarwa, kuma wa ya ɗauki nauyinsa?

A nan ne ƙubbar Oklahoma ta gaza. Jiha ce da ke da labarin da babu mai irinsa. Sunanta daga harshen Choctaw ya fito, can ne aka koro ƙabilun asali daga kudu maso gabas a shekarun 1830, kuma a harabar majalisar tata an haƙa rijiyoyin man fetur. Ginin da ba shi da ƙubba ma wani babi ne na tarihinta, shaidar shekarun yaƙi da ƙarancin kuɗi. An shafe wannan shaida aka maye gurbinta da siffar da ke ko'ina. Mafi yawan kuɗin aikin daga masu hannu da shuni da kamfanoni ya fito, aka kuma rubuta sunayen manyan masu gudummawar a zagayen ƙubbar daga ciki. Ɗan majalisar da ya ɗaga kai a zauren jama'a, sunayen attajirai yake karantawa. Abu mafi gaskiya a aikin duka shi ne mutum-mutumin jarumin ƙabilun asali da Enoch Kelly Haney, ɗan ƙabilar Seminole, ya ƙera aka kafa a sama, kuma wannan zai iya tsayuwa ko babu ƙubba.

Ba wanda ke neman a rushe ƙubbobin da aka riga aka gina. Ta Annapolis, wadda a ginin da take kai George Washington ya ajiye muƙaminsa na shugaban mayaƙa a 1783, ta cancanci duk kulawar da ake ba ta. Haka ta Montgomery, domin waɗanda suka tako daga Selma sun ba ta ma'anar da maginanta ba su nufa ba. Amma duk lokacin da wata jiha ta tashi sabon gini ko babban gyara, ya kamata 'yan majalisarta su fara duban ƙasarsu da mutanenta kafin su dubi Washinton, su kuma biya daga aljihun jama'a abin da jama'a za su iya ɗauka. Magabata sun ce kayan aro ba ya rufe katara, ko da kuwa an shafe shi da zinariya.