Mu Nemi Lasisin Rediyon Sha'awa

Duk wanda ya ratsa kasuwar Sabon Gari zai ga samari a rumfunan masu gyaran rediyo, suna kwance wannan suna ɗaura wancan. Basira kam Allah ya ba yaranmu. Abin da ke damuna shi ne mun tsaya ga sauraro da gyara, ba mu kai ga aika muryarmu ba.

Akwai abin da ake kira rediyon sha'awa. Mutum yakan kafa na'ura da eriya a gidansa, ya yi hira ta gajeren zango da wani a Ghana ko Jamus, ba tare da layin waya ba. Tun 1925 aka kafa ƙungiyarsu ta duniya a birnin Paris. Marigayi Sarki Husaini na Jordan ma yana cikinsu, lambar kiransa JY1. Ta ɗan Nijeriya kuwa da 5N take farawa.

Amma ba a shiga iska da ka. Dokar ƙasarmu ta 1961 ta hana kafa na'urar aika magana sai da lasisin gwamnati, ƙa'idar duniya kuma ta ce a gwada sanin mai nema tukuna. Sai ya san aikin lantarki, da zangon da aka keɓe masa, da ladabin magana. Ba ya neman kuɗi da na'urar, ba ya ɓoye ma'anar saƙonsa, kullum kuma yana faɗin lambarsa. A dā tilas ne ya iya rubutun Morse, amma a 2003 aka bar wa kowace ƙasa zaɓi.

Wani zai ce, ina amfanin wannan wahala tunda kowa na da wayar hannu? To, a 2010 girgizar ƙasa ta rushe hanyoyin sadarwa a Haiti, masu rediyon sha'awa suna cikin waɗanda suka isar da saƙon neman agaji. Da batir da eriya suka yi aikin.

Wani kuma zai ce, a sayi na'ura kawai, wa zai sani? Wannan ganganci ne. A wannan zamani na rashin tsaro, wanda aka kama da na'ura babu takarda ya jawo wa kansa da iyayensa zargi. Rigakafi ya fi magani. Mu Kirista kuwa an koya mana biyayya ga hukuma.

Don haka ina roƙon hukumar makaranta ta kafa ƙungiyar rediyo, ta nemi taimakon malaman injiniyan lantarki na Jami'ar Ahmadu Bello, ga su nan kusa a Samaru. Iyaye da 'yan ikkilisiya su taimaka da kuɗin kayan aiki. Ku kuma ɗalibai, maza da mata, ku riƙe darasin kimiyya da kyau, ku fara da sauraro. Kada mu zama kamar bawan nan da ya binne talantinsa. Ubangiji ya taimake mu. Amin.