Visvesvaraya: Tsakanin Kirari da Tarihi

Kowace ranar 15 ga Satumba, Indiya na bikin Ranar Injiniyoyi domin tunawa da Mokshagundam Visvesvaraya. Yabon ya cancanta: shi ya tsara madatsar Krishna Raja Sagara a kan kogin Kaveri, kuma a zamanin wazircinsa aka kafa Jami'ar Mysore a 1916. Sai dai masu yabon kan tsallake 1918, shekarar da ya ajiye wazirci bayan ya ƙi amincewa a keɓe wa waɗanda ba 'yan ajin Brahmin ba gurabe a aikin gwamnati. Hujjarsa ita ce cancanta. Amma cancanta ba ta tsirowa inda aka daɗe ana tauye wa jama'a damar karatu. Tarihin da ya ɓoye wannan saɓani kirari ne kawai.